Ragowar Yadin Nokada Khalfan

Ƙanena Mijinyawa tela ne. Ya haura shekara hamsin yana riƙe da allura, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa mayar wa mai kaya ragowar yadi ba, bai kuma taɓa ajiye wa kansa ko ƙyallen da za a ɗaure yatsa da shi ba. Duk abin da ka kawo masa, a jikinka zai ƙare. A Kano wannan hali ya jawo masa suna. A nan Dubai saura kaɗan ya kifar da jirgi da mutanen da ke cikinsa.

Abin yana da asali. Mahaifinmu ma tela ne a Soron Ɗinki. Wata Sallah, Mijinyawa bai fi shekara bakwai ba, Baba ya haɗa masa 'yar shara da guntayen da suka rage daga rigar wani attajiri. A filin Idi attajirin ya hango shi, ya kama shi ta wuyan riga, ya tsayar da shi kusa da tasa rigar, ya ce wa jama'a su duba su gani ko akwai bambanci. Mutane suka yi dariya. Ina can gefe cikin 'yan mata, a kan idona aka yi. Yaran unguwa suka sa masa Ɗan Ƙyalle, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Da ya kama sana'ar da kansa na taɓa tambayarsa me zai hana ya riƙa mayar wa mutane ragowarsu kawai, ya huta.

"Yaya, ba ki san mutane ba," in ji shi. "In na mayar da kamu ɗaya, mai kaya zai tafi yana tunanin nawa na ɓoye. In bai ga ragowa ba, kuma rigar ta fi ƙarfinsa, ba shi da abin faɗa."

Saboda haka sai ya ƙara a gefe, ya ƙara a hannu, ya ninka a aljihu. Siririn mutum in ya shiga rigarsa sai ka ce an kifa masa rumfa. Kanawa kuwa haka suke so. Gwaninta tasa ita ce haɗa sawaye da hannu, falle-falle, siraran nan na masaƙa, har su zama babbar riga ba ka ga inda aka haɗa ba. Da masaƙan suka ƙare, shadda da keken ɗinki suka cinye kasuwa, aikinsa ya ja baya. Ga iyali.

Ni na riga shi zuwa Dubai. Bayan rasuwar maigidana na zauna a Al Ras, a wani ɗan filat da ke saman shagunan kayan yaji, ina saye wa matan Kano abaya da turare ina tura musu. Ni na nema masa biza a wani shagon abaya a Deira. Bai daɗe ba. Bandir ɗin da sauran teloli ke fitar da abaya masu yawa a ciki, shi sai ya fitar da 'yan kaɗan masu faɗin da mace biyu za su shiga. Mai shagon ya yi magana, ya sake yi, ya sallame shi.

Zailani ne ya ɗauke shi. Zailani Bazazzagi ne mai ofishin kago a bayan layinmu, mutum mai surutu da zolaya, amma ba ya barin ɗan gida a titi. Ya ba shi basilla da igiya, ya sa shi ɗinkin dila. A nan ya zauna shekaru. Dila ba ta ƙorafi in an yi mata riga mai yawa.

Ofishin yana ɗaure wa Somalawa kaya su ma, irin waɗanda ake lodawa a jiragen katako a bakin ruwan Deira. Wata safiya wani tsohon Balarabe mai sanda ya tsaya a kan wata dila yana bin ɗinkinta da yatsa. Ya tambayi wanda ya yi, aka nuna masa Mijinyawa. Larabcin ƙanena bai wuce na salla ba, sai yalla da khalas, don haka aka aiko a kira ni. Ni na yi Larabci a sakandare, kasuwa kuma ta ƙarasa min.

Sunan tsohon Khalfan, ana ce masa Nokada, wato shugaban jirgi. Ya haura tamanin. Yana da jirgin mahaifinsa na zamanin da ake nutso ana ɗebo lu'ulu'u, ya gyara shi a wani filin masassaƙa a Jaddaf. Jirgin kuwa iska ce ke tura shi. Babban yadin da ake shimfiɗa wa iskar mu ba mu da sunansa a Kano, tunda ba mu da teku. Su suna ce masa shira'i. Nokada yana son a ɗinka masa ɗaya da hannu, da yadin auduga, yadda aka yi wa ubansa, kuma tsofaffin da suka iya duk sun mutu.

Ran da aka fara aikin na bi su Jaddaf don tafinta. Na zaci abin murabba'i ne kamar zanen gado, irin na jiragen Turawa da muka gani a littafin tarihi, an jera su wani bisa wani. Na faɗa wa Nokada haka. Ya yi tsaki, ya zana mini nasu a yashi da sandarsa. Kusurwa uku ne, amma an datse hancin gaba. Ana ɗaura gefensa mafi tsawo a jikin wata doguwar sanda da ake kira farman, wadda ta kusa fin jirgin kansa tsawo, a ja ta sama da igiya ta rataya a karkace a jikin ginshiƙin jirgi, kanta na gaba a ƙasa, na baya yana nuna sama.

"Na Turawa," in ji shi, "suna da 'yan igiyoyi a jiki. In iska ta yi yawa, sai ma'aikata su hau su naɗe rabi su ɗaure. Namu ba a rage shi. Ko dai yana sama gaba ɗaya, ko yana ƙasa gaba ɗaya. Shi ya sa kowane jirgi yake tafiya da babba da ƙarami. In shamal ta taso, a sauke farman, a kwance babba, a ɗaura ƙarami."

Shamal ita ce iskar arewa da ke tasowa a tekun nan ba sallama. Babban shira'in yana da shi tun tuni. Ƙaramin ne ya ruɓe, shi yake so.

Ya buga turaku huɗu a yashi da hannunsa, ya zagaye su da igiya. Sannan ya riƙe hannun ƙanena ya ce da ni, "Hajiya, gaya masa. Wannan shi ne na ranar wahala. Amfaninsa ƙanƙantarsa. Inda igiyar nan ta tsaya, nan zai tsaya."

Na gaya masa da Hausa, na maimaita. Mijinyawa ya ce, "To." Idonsa yana kan yadin. An kawo shi daga Indiya, fari, mai kauri, an tsaga shi falle-falle siraru. Ya ɗauki biyu ya haɗa bakinsu, na ga fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun muna gida.

"Yaya, ai babbar riga ce," ya ce.

Duk lokacin sanyin nan a can ya yi shi. Kullum Zailani yakan sake shi da safe, Mijinyawa ya je ya zauna a yashi ya miƙe ƙafa yana haɗa falle da falle, Nokada yana gefe a inuwa da gahawa da dabino. Ba mai jin yaren wani, amma hira suke yi har azahar. Tsohon ya koya masa yadda ake ɗinke igiyar ɓawon kwakwa a bakin yadin don ta ɗauki nauyi, shi kuma ya nuna wa tsohon irin ɗinkin da ba ya warwarewa ko zare ɗaya ya tsinke. Mijinyawa ya yi ƙiba a watannin nan. Ana cikin haka aka kwantar da Nokada a asibiti aka yi masa aiki a gwiwa, ƙanena ya ƙarasa shi kaɗai. Ya naɗe, ya ɗaure. Da tsohon ya fito yana ɗingishi, sai ya buɗe kusurwa ɗaya kawai, ya ja ɗinkin da ƙarfi, ya ce masha Allah, ya sa aka zura shi a cikin jirgi a naɗe.

A ƙarshen sanyi Nokada ya ce zai je ya ga wurin da ubansa yake nutso, ko da sau ɗaya, kafin ya mutu. Ya ɗauki 'ya'yansa biyu, Rashid da Matar, magidanta ne dukansu, da ma'aikatan jirgi. Za su fita da sassafe su dawo kafin rana ta faɗi. Muka je bakin teku muka ga fitarsu. Iska ba ta da ƙarfi, suka ja babban shira'i, ya cika a hankali ya yi ciki, jirgin ya tafi ba ƙara. Kyau dai yana da kyau.

Da rana na tuƙa tuwo, Zailani ya hawo cin nasa kamar yadda ya saba ba gayyata. Yana ci yana tsokana.

"Bakano, tsakaninka da Allah, yadi nawa ka ci a aikin nan? Ka sammin in yi labulen ofis."

"Ka ji Bazazzagi. Ku ne kuka san wannan."

"Haba Baba tela. Yadin Balarabe, ba mai kallo, tsoho yana asibiti. Ko ɗan wando ba ka fitar ba?"

Mijinyawa ya ajiye lomarsa. Wannan zolayar ba ya ɗaukarta, ko daga abokin wasa.

"Ko zare ban fito da shi ba. Falle uku suka rage. Na matsar da turakun baya, na sa masa abinsa a ciki. Ya je ya auna."

Na ce, "Ka yi me?"

"Na sa masa kayansa."

"Ka matsar da turakun?"

"Kaɗan. Ta baya ne, wajen da ya fi tsawo. Ya ma fi kyau, Yaya, da kin gan shi a shimfiɗe. Da can kamar rigar marowaci."

"Me mutumin nan ya ce in gaya maka ran da ya buga su?"

"Kowa haka yake cewa. Kada ka cika min yadi, kada ka cika min yadi. In ya sa a jiki kuma ya yi ta godiya."

"Jirgi Alhaji ne? Jirgi zai je ɗaurin aure ne?"

Zailani ya fara dariya, ya ga fuskata, ya bari. A lokacin ne na lura tagar kicin tana bugawa tun ɗazu. Na leƙa. Ledoji suna tashi sama da rufin shaguna, masu kayan yaji suna rige-rigen rufe buhunansu, abra, ƙaramin jirgin fiton nan, a cikin ruwa tana tsalle da fasinja kamar akuya. Zailani ya duba wayarsa, ya juyo min da ita. Hukumar yanayi ta aiko da gargaɗi, shamal ce, ƙananan jirage kada su fita.

"Yanzu za su sauke babban," na ce. "Su ɗaura naka."

Mijinyawa ya dubi taga, ya dube ni. Hannunsa da miya a jiki ya tsaya a sama.

Na kira lambar Rashid, ba ta shiga. Na kira ta Matar, haka. Sun yi nisa da gaɓa. Zailani ya ce akwai rediyon jirage a wurin masassaƙan, mu tafi. Tuwon a nan muka bar shi a buɗe.

Hanyar Jaddaf ba ta da nisa, amma ranar motoci sun cushe a kan gada, iska tana girgiza motar muna tsaye. Zailani yana danna oda yana zagin mutane da Hausa. Ƙanena yana baya yana magana shi kaɗai.

"Falle uku ne fa. Siraru ne. Ko kamu biyu ba su cika ba... Wataƙila ma ba za su buɗe shi ba. Wataƙila sun juyo tun da wuri. Ai tsohon ya san iska. Yaya, ai ya san iska ko?"

"Ya san iska. Tela ne bai sani ba."



Babban masassaƙin wurin sunansa Aminullahi, mutumin Balucistan, a jirage ya girma. Muka same shi yana ɗaure rumfuna da yaransa na aiki. Na ce a kira jirgin Nokada a rediyo maza. Ya ce a ce musu me? Na juya na dubi Mijinyawa. Ba ni na matsar da turaku ba, ba ni zan faɗa ba. Ma'aikata sun taru suna kallo. Ya tsaya yana murza hularsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana gudun a ce ya ci amanar mai kaya, yau shi zai faɗa da bakinsa a gaban baƙi cewa bai yi abin da aka ce ba.

Bai iya faɗa ba. Sai ya kama hannun Aminullahi ya ja shi zuwa filin da ya yi aikin. Turakun suna nan. Ya durƙusa ya share yashi da tafinsa, ya nuna tsohon ramin, ya nuna inda turken yake yanzu. Aminullahi ya taka tsakaninsu, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar yana ganin inda kan shira'in zai kai. Ya faɗi wata kalma da yarensu, ya ruga ofis.

Rediyon ƙara kawai yake yi. Ya kira, ya kira, ba amsa. Ya kira masu ceto, suka ce sun ji, jiragensu suna waje, masu neman taimako suna da yawa yau. Na tambaye shi gaskiyar abin da zai faru, na ce kada ya lallashe ni.

"Hajiya, ƙarin yana sama ne kuma yana baya, inda iska ta fi ƙarfi. Jirgin nan ba shi da zurfi a ruwa. In suka ja shi ya cika, zai kwantar da jirgin a gefe. In Allah ya so, yadin ya yage, su tsira."

Na fassara wa ƙanena. Ya girgiza kai a hankali.

"Ba zai yage ba," ya ce.

Ba alfahari yake yi ba. Ya san abin da ya ɗinka.

Bayan la'asar wata mota ta shigo, aka fito da wata tsohuwa mai baƙin mayafi da ɗan abin rufe hanci irin nasu. Matar Nokada ce, Ummu Rashid, Aminullahi ya yi wa gidan waya. Aka sa mata kujera a bakin ofis inda iska ba ta dukanta. Ta ce ina telan? Mijinyawa ya zo ya tsuguna nesa da ita. Wannan karon ya faɗa, da Hausa, kansa a ƙasa, ni kuma na juya mata ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Don me?" ta ce.

Na ce, "Don kada a ce ya saci yadi."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ga ba wasa nake ba.

"Wa zai ce?"

Ta juya ta fuskanci ruwa.

"Su biyu ne kawai gare ni," ta ce. "Duka suna ciki."

Muka zauna. Ruwan Jaddaf na cikin gari ne, ba teku ba ne, amma shi ma ya yi baƙi yana dukan katakai. Igiyoyin jiragen da ke ɗaure suna kuka. Duk lokacin da rediyo ya yi motsi sai kowa ya miƙe, a ji wani jirgi ne daban. Zailani ya sayo shayi ba wanda ya sha. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, in abin ya ɓaci, 'yan sanda za su nemi wanda ya yi ɗinkin, ko ya kai Baba tela wani wuri a Al Warsan ya kwana biyu tukuna? Na ce ya tambaye shi. Ya tambaye shi. Mijinyawa ya ce, "In tafi ina?" Ya koma kusa da turakunsa ya zauna a yashi, iska tana zuba masa ƙasa a fuska, bai kare ba.

Rana ta yi ja lokacin da masu ceto suka kira. Sun same su, suna janyo jirgin. Ba wanda ya faɗa ruwa. Mutum ɗaya ya ji rauni. Aminullahi ya ce wa? Layin ya yanke. Carbin Ummu Rashid ya tsaya a hannunta. Muka shiga motoci muka nufi tashar da za a kawo su.

Jirgin ya shigo a bayan na ceto kamar an kamo ɓarawo. Ginshiƙin yana tsaye tsirara. Farman ya karye biyu, an ɗaure guntayen a kan katako, farin yadin yana jiƙe a tattare a ƙarƙashinsu. Aka fara fito da Matar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, idonsa biyu, kafaɗarsa a naɗe. Uwar ta bi shi cikin motar asibiti. Rashid ya fito da ƙafarsa, ya wuce ƙanena bai dube shi ba. Nokada aka fito da shi daga ƙarshe, mutum biyu suna riƙe da shi, rigarsa ta manne a jiki, yana rawar sanyi.

Daga baya Rashid ya ba ni labarin. Da iskar ta taso sun sauke babba sun ɗaura ƙarami kamar yadda aka saba. Farman bai gama hawa ba tsohon ya yi ihu a sauke, domin ya san adadin fallen da ya auna, kuma ido ɗaya ya yi ya ga sun fi haka. Kafin su saki igiya iskar ta riga ta shiga. Jirgin ya kwanta har ruwa ya fara zubowa ta gefe. Suna jiran yadin ya yage, ya ƙi. Sandar ce ta karye, kuma karyewarta ce ta tashe su. Guntun da ya faɗo ya sami Matar a kafaɗa.

A tashar Mijinyawa ya je ya durƙusa a gaban Nokada. Tsohon ya dube shi, ya ce da ni, "Ba yau ba." Aka tafi da shi.

Kwanakin da suka biyo baya ƙanena bai ci abin kirki ba. Ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin ƙofa yana jiran duk wanda zai zo, ɗan sanda ko tikitin gida. Duk takun da ya ji a matakala sai ya miƙe ya sa hula. Ba wanda ya zo. Sai da aka sallami Matar daga asibiti sannan Nokada ya aiko mu je Jaddaf.

An shimfiɗa shira'in a yashi, an mayar da turaku tsofaffin ramukansu, falle uku sun wuce igiya suna kwance a waje kowa yana gani. Nokada yana kan kujera. Ya miƙa wa Mijinyawa 'yar wuƙa, ya nuna masa. Ba a bar kowa ya taimake shi ba. Ɗinkin nasa ba ya warwarewa, sai da ya bi shi zare-zare yana tsinkewa, tun hantsi har aka kira azahar, ma'aikata suna wucewa suna kallo. Da ya gama ya ninke fallen, ya kawo ya ajiye a gaban tsohon.

"Gaya masa nasa ne," in ji Nokada.

"Ki ce masa ba nawa ba ne."

"Gaya masa abin da ya rage na mai ɗinki ne. Haka ubana ya yi da masu ɗinka masa. Da ya tambaya da an gaya masa."

"Yaya, ki roƙe shi. Ya ba ma'aikata, ya ƙona, ya yi duk abin da ya ga dama. Ni ba na ɗaukar ragowa."

Na fassara. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ya riga ya ba ni sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Ya ɗauka. Khalas. Gobe kuma ya zo ya ɗinke wa shira'in igiyar bakinsa, ina zaune a kansa."

Ya ɗauka. Muka sauka daga jirgin metro a Al Ras yana rungume da farin yadin Balarabe a ƙirji, muka bi ta layin da 'yan Kano suke zama a bakin ofisoshin kago. Ana gaishe shi yana amsawa bai ɗaga kai ba. Zailani yana ƙofar ofishinsa. Na ga bakinsa ya motsa, na harare shi, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya shige ciki.

Matar har yau ba ya iya ɗaga hannun damansa ya wuce kafaɗa. In sun haɗu yana amsa gaisuwar ƙanena, iyakarta ke nan. Rashid ba ya amsawa. Nokada ya sa an yi sabon farman, amma 'ya'yansa sun hana shi sake fita, jirgin yana ɗaure a Jaddaf da ƙaramin shira'insa daidai awo a ciki, ba a taɓa ja shi ba. Mijinyawa ya koma ɗinkin dila. Ranar Juma'a yana zuwa ya zauna da tsohon su sha gahawa.

Fallen uku suna saman kabad ɗina, da tabon gishiri a jiki. Ya hana a yi labule da su, ya hana a zubar, ya ce kuma kada a kai su Kano.

Da azumin bana na ba shi yadi ya ɗinka min doguwar riga. Ya kawo ta daidai jikina, karo na farko a rayuwata. Sannan ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya ajiye a kan tebur, guntun yadi ne da bai fi tafin hannu biyu ba. Ya ja baya ya tsaya.

"Mene ne?" na ce.

"Ragowa. Ki auna."

"In auna me?"

"Ki dai auna, Yaya."

Ban auna ba. Miyata tana ƙonewa, na ɗauka na sauke tukunya da shi. Yana nan tsaye a bakin kicin yana jira, har na ce ya kauce min daga hanya.